Kaset Ɗin Da Ban Ƙona Ba

Litinin, 7 ga Yuli, bayan la'asar

Yau Malam Abdulhakeem mai maɗaba'ar nan ta Kano ya turo min hoton bangon littafina a waya. Kaset Goma Sha Ɗaya, na Adawiyya Gali Azare. Sunana ne ɓaro-ɓaro da jan rubutu. Shekara tara ina jiran ranar da zan ga wannan abu. A cikin aji na buɗe saƙon, yara suna ta rera sau bakwai, ni kuma na tsaya ina washe baki kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Na dawo gida da sauri don in nuna wa mahaifiyarmu Dada, sai na ga takalmin Adda Mas'uda a ƙofar ɗakinta. Addata shekararta ashirin da ɗaya tana aure a Katagum, ba ta taɓa faɗowa gidan nan haka kwatsam ba. Sai ta bugo waya tukuna, kuma dole ta zo da kwalin bandar kifi daga mijinta, Hamma Bappayo. Yau 'yar jaka ɗaya na gani a gefen gado.

Na ce, "Adda, sannu da zuwa. Saukar yaushe?"

Ta juya ta dubi bango.

Ban nuna wa kowa hoton ba.

Talata, 8 ga Yuli, da safe

Na gaishe ta. Ba ta amsa ba.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan azahar

Dada ta kira ni bayan ɗaki, wajen turken awaki, inda take kiran mutum in ba ta so a ji. Tun kafin ta buɗe baki na sha jinin jikina.

Ranar Asabar Hamma Bappayo ya shiga mota zai kai kifi Kano. Direba ya kunna labari, irin wanda ake karantawa a zuba wa mutane a memori. Nawa ne. Ni da kaina na ba Husaina mai karanta littattafai izinin ta karanta shi ta ɗora, har ina mata godiya. Ita kuwa duk farkon kashi sai ta ambaci sunana da na ubana da na garinmu, da muryar nan tata mai zaƙi. Mota cike da maza, daga Katagum har Kano suna saurara suna dariya.

Da ya dawo bai yi faɗa ba, dama shi bai iya ba. Tambaya ɗaya ya yi wa Adda, wai akwai kaset? Ta ce a da ne, tun kafin aurensu, kuma an ƙona su tuntuni. Ya ce, "Ki je Azare ki tambayi ƙanwarki ko an ƙona. Ki zauna can sai na neme ki."

Dada ta riƙe min hannu ta ce, "Adawiyya, ki dubi girman Allah ki gaya min. Kin ƙona?"

Na tsaya ina kallon yatsun ƙafarta. Ta saki hannuna ta ce, "Kin kashe wa 'yar'uwarki aure, kina ji? In takarda ta biyo baya, ke ce."

Alhamis, 10 ga Yuli, da hantsi (ban je makaranta ba)

Bari in rubuta yadda abin yake ko sau ɗaya, tunda wannan littafin dai babu mai karanta shi sai ni.

Ina shekara goma sha uku aka yi auren Adda. Kafin Hamma Bappayo akwai Kashim, ɗan gidan Ya Fanna mai turaren wuta da ke bayan layinmu. Ya tafi karatu Maiduguri, ya riƙa aiko mata da kaset ta hannun direbobi, yadda samarin lokacin suke yi. Ya rufe ɗaki ya yi ta zuba mata zance, gaba da baya, har kaset ya ƙare. Shekara uku yana aikowa, ko sau ɗaya bai turo magabatansa ba. Adda ta gaji da daɗin baki. Ita da bakinta ta ce wa Baba, Allah ya jiƙansa, Bappayo take so. Babu wanda ya matsa mata. Ana gobe ɗaurin aure ta miƙo min gwangwanin biskit ta ce, "Kai murhu ki ƙona, kar ki saurara." Na ce to.

Na saurara. Duka goma sha ɗayan. Ban taɓa jin namiji ya yi magana haka ba, kuma har yau ban sake ji ba, har da wanda na aura na fito. Na tura gwangwanin ƙarƙashin gado, na ƙona tsumma da leda don wari ya tashi.

Littafi uku na rubuta kafin wannan, a guruf na waya mai mutum goma sha huɗu, biyar daga ciki 'yan ajinmu ne na sakandare. Wata ta taɓa rubuto min cewa, "Anti, saurayin nan naki kamar yana karanta sanarwar ɗaurin aure." Ta yi gaskiya, 'yar banza. Ban iya kalaman soyayya ba, a ina zan koya?

Bara na jawo gwangwanin, na samo tsohuwar rediyo wajen mai gyara. Kullum bayan asuba in danna, in saurari jimla ɗaya, in tsayar, in rubuta a waya. Danna, tsayar, rubuta. Mas'uda ta koma Ikhlas, Kashim ya koma Abdurrahim, Maiduguri ta koma Sakkwato. Na ce shi ke nan, na ɓatar da sawu. Amma na bar ƙanwar da aka ba gwangwani ta ƙi ƙonawa, saboda ni ce ita, kuma na so in fito a cikin littafina. Tir da ni.

Cikin wata biyu guruf uku suka cika. Malam Abdulhakeem da kansa ya nemi lambata.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

Na kai mata abinci. Ta bari sai da Dada ta ɗauka ta sake miƙa mata sannan ta ci.

Asabar, 12 ga Yuli, da rana

Da a kaset abin ya tsaya, wallahi da sauƙi. Wace mace ce ba a taɓa so ba kafin aure?

Kaset-kaset sun ƙare min a shafi na talatin, aka aurar da Ikhlas. Daga nan ba ni da abin kwafa. Ni kuwa yadda nake aiki, kullum bayan azahar in saki shafi ɗaya, in zauna in karanta sharhin masu karatu, abin da suka fi yi wa ihu shi zan rubuta gobe. Kuma ihunsu ɗaya ne. "Anti don Allah kar ki bari ta so mijin nan!" "In ta manta Abdurrahim na bar guruf ɗin." Su suka laƙaba wa mijin suna Malam Shiru, ni kuma na ɗauka na sa a labari. Na mai da shi mutumin da ba ya magana, ba ya dariya, sai gyaran murya sau biyu kafin ya shiga ɗaki. Wa ke gyaran murya sau biyu a duk danginmu? Kowa ya sani. Na rubuta cewa duk ranar da ya yi tafiya Ikhlas rufe ƙofa take ta yi kukan wancan. Shafi arba'in na yi ina wannan.

Ƙarya ce tsagwaronta. Ban taɓa ganin Adda ta yi kukan Kashim ba. Amma rabin farko gaskiya ne har da tari da kukan zakaran da ke cikin kaset, to wa zai zauna ya tsince wa Hamma Bappayo inda gaskiya ta ƙare?

Lahadi, 13 ga Yuli

An wuni ana ruwa. Ba ta yi min magana ba.

Talata, 15 ga Yuli, bayan la'asar

Jiya Adda ta ce wa Dada, ina zaune a wurin kamar babu ni, "Dada, ki ce ta ba ni in ji abin da aka ji a motar."

Na zuba mata a wayarta, na ba Dada abin sawa a kunne ta miƙa mata. Tun jiya take zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki tana saurara. Ni kuma ina wanke-wanke, in gama in sake ɗauraye kwanukan da na riga na wanke, don kawai in ga fuskarta. Ba a karanta komai a kai. Sau ɗaya ne, yau da hantsi, ta fizge abin daga kunnenta kamar kunama ta harbe ta, ta tashi ta je bakin rijiya ta daɗe a tsaye. Ban san wane wuri ta kai ba. A lissafina ba ta wuce kaset na shida ba, ba a ma zo wajen auren ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, da yamma

Ta gama.

Ta naɗe wayar abin kunnen a hankali ta ajiye, ta ce, "Dada, ki tambayar min ita. Yaushe na ce mata ina kuka a ɗakin mijina?"

Na ce, "Adda, labari ne, ba ke ba ce, wallahi ƙirƙira na yi."

Ta ce, "Dada, ki ce mata muryar Kashim ma ƙirƙira ta yi?"

Na durƙusa na riƙe ƙafarta ina kuka. Ba ta janye ba, ba ta kuma dube ni ba, sai ka ce ƙafar kujera na riƙe. Da ta zage ni ta mare ni da na fi samun sauƙi.

Juma'a, 18 ga Yuli, da safe

Na buga wa Malam Abdulhakeem na ce a dakata. Ya ce, "Malama Adawiyya, lafiya? An ɗora a inji tun shekaranjiya, saura ɗinki da bango." Na ce matsalar gida ce. Mutumin kirki ne, bai tsananta tambaya ba. Ya ce in na ce kar a fitar kasuwa ba za a fitar ba, amma in yi tunani, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu, ga masu shaguna har sun fara tambaya. Ya ƙara da cewa, "Kuma kin san takarda ce kawai a hannuna. Wanda aka karanta ya riga ya shiga duniya."

Na sani. Husaina ta sauke nata tun da na roƙe ta, amma jiya da na bi ta tasha na ji shi yana tashi a shagon masu cajin waya.

Na ce masa a dakata ɗin dai. Da na kashe wayar na zauna na buɗe hoton bangon ina kallo. Allah ya yafe min, ban san wanne nake yi wa kuka ba.

Lahadi, 20 ga Yuli, da hantsi

Dabara ta zo min. Tunda rubutu ya ɓata, rubutu zai gyara. Zan sake ƙarshen, in nuna Ikhlas mijinta take so, in saki a guruf, in kai wa Hamma Bappayo da hannuna.

Litinin, 21 ga Yuli, bayan azahar

Tun safe nake riƙe da waya, layi huɗu na rubuta na goge. Malam Shiru ba shi da kaset. Me zai ce? Duk abin da na sa a bakinsa sai ya fito da muryar Kashim. Marubuciyar soyayya wai! Shekara ashirin da ɗaya ina shiga gidan Hamma Bappayo, ina cin kifinsa, ban san yadda mutumin yake son matarsa ba.

Laraba, 23 ga Yuli, da yamma

Na lallaɓa na tambayi Dada, ban ce mata don me ba. Tana tsince shinkafa ta fara ba ni, tana yi tana share ido da gefen mayafi. Wai tun shekarar farko ƙayar kifi ta taɓa maƙale wa Adda a wuya har aka kai ta asibiti. Daga ranar ba ta sake cin kifi ba sai wanda ya zauna ya cire wa ƙaya da hannunsa, ya tura mata a gefen kwano, bai ce komai ba. Har yau. Ko baƙi ne a gidan sai ya shiga ciki ya yi mata ya fito.

Na shiga ɗaki na rubuta shafi shida a zama ɗaya. Ban taɓa rubuta abu mai kyau irinsa ba, na sani a jikina. Na saki a guruf uku duka na ce wannan shi ne ainihin ƙarshen.

Alhamis, 24 ga Yuli, da safe

"Cire ƙaya kuma soyayya ce?"

"Anti an yi miki asiri ne?"

"Mu dai Abdurrahim muka sani."

Sun yi ta fita ɗaya bayan ɗaya, ina kallo. Oho. Su tafi.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan magariba

Na je Katagum na dawo. Ban gaya wa Dada ba sai da na shiga mota. Gwangwanin yana cikin jakata, sabon ƙarshen yana cikin waya. Hanya duk ruwa, gero ya kai gwiwa hagu da dama, ni ko ban ga kyansa ba.

Na same shi a wurin bandarsa kusa da kogi, hayaƙi ya sa idonsa ya yi ja. Ya rame. Ya shimfiɗa min buhu a inuwa, ya gaishe ni kamar kullum, ya Dada, ya ƙafarta, ya makaranta, ya ruwa. Bai tambayi Adda ba.

Na durƙusa na faɗi duk abin da na haddace a mota. Laifina ne, ta ce in ƙona na ƙi, ba ta taɓa sanin suna nan ba, kukan nan ƙarya ne na ƙirƙira don masu karatu. Na ajiye gwangwanin a gabansa na ce ya yi yadda ya so da shi. Ko kallonsa bai yi ba. Na ce na gyara labarin, ya bari in karanta masa. Ya yi gyaran murya sau biyu ya ce, "Karanta."

Na karanta duka shafi shidan. Ina jira in ga ya saki fuska. Da na gama ya ce, "Wa ya gaya miki zancen ƙaya?"

Na ce Dada.

Ya ce, "Wannan ma kin kai wa duniya ke nan."

Innalillahi. Wallahi sai a lokacin na gani. Na sake yi. Na shiga ɗakinsa na ɗauko abin da ya rage masa na baza a guruf uku, kuma ina tafe ina jin na zo da magani.

Ya daɗe yana juya kifi a kan ragar banda kafin ya sake magana. Ya ce, "Adawiyya, ni kaset bai dame ni ba. Na san da Kashim tun kafin in nema. Dariyar da aka yi min a mota ma na haɗiye. Ni ban iya magana ba, kin sani, kin ma rubuta. Amma akwai kalma ɗaya da yayarki take faɗa min. Duk dawowata daga Kano, tana tsaye a bakin ƙofa, sai ta ce, 'Ban iya jira ba, a kanka na koya.' Shekara ashirin da ɗaya. Da ita nake tafiya, da ita nake dawowa. Na ɗauka tata ce, ni ta yi wa."

Kaset na shida, gefen baya. Ni na rubuta ta da yatsana, na ma ja mata layi. Ita ce jimlar da masu karatu suka fi ɗorawa a kan hotunansu.

Ya ce, "Sai na ji ta a bakin wani namiji, a mota, direba yana buga sitiyari yana cewa a mayar a sake ji."

Na ce, "Hamma, ko daga ina ta samo, kai take faɗa wa, kuma har zuciyarta."

Ya ce, "Da kin ce tana kuka in na fita. Yau kin ce tana sona. Duka biyun hannunki ne, wanne zan ɗauka?"

Ya tashi ya ɗaure kifi a kwali, manya-manya, ya ce in kai wa Dada. Ya ce in ɗauki gwangwanina. Ya raka ni har bakin titi ya tsayar min da mota.

Lahadi, 27 ga Yuli, da rana

Na ba Dada labari a tsakar gida, na san Adda tana ji daga ɗaki. Da na zo kan kalmar sai ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Dada, wallahi tallahi na manta. Na manta daga inda na ji ta. Ranar da ya fara tafiya Kano ya kwana uku, da ya dawo ita ce ta fito daga bakina. Sai ranar nan da na ji ta a kunne na tuna."

Dada ta ce, "To ki gaya masa mana."

Ta ce, "Da wane baki? Duk abin da na faɗa yanzu zai ce a wane kaset yake."

Babu wanda ya taɓa kifin.

Litinin, 28 ga Yuli, da safe

Na ƙona su. Na zuba kananzir na jefa a murhu har gwangwanin. Roba ta narke, baƙin hayaƙi ya cika gida, awaki suna ta tari. Adda ta fito za ta yi alwala, ta toshe hanci da mayafi ta wuce.

Aikin minti goma ne ashe.

Laraba, 30 ga Yuli

An yi hutun makaranta. Yanzu wuni zan riƙa yi a gida ina kallon bayanta.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan la'asar

Baffa Jalo, ƙanin Baba, ya je Katagum shi da limamin unguwarmu. Sun dawo ɗazu. Baffa ya ce an karɓe su da mutunci, an yanka musu kaza, an saurare su har ƙarshe. Bappayo ya ce ba ya zargin matarsa da komai, bai taɓa ganin wani abu a wurinta ba sai alheri. Amma in ya rufe ido ya ga ta tsaya a bakin ƙofa, muryar wani yake ji. Ya ce a ba shi lokaci.

Baffa ya juyo kaina ya ce, "Ke kuma, da ilimin naki abin da kika ga za ki yi ke nan?" Na ce Allah ya ba da haƙuri. Me zan ce?

'Ya'yan Adda suna bugo mata waya kullum. Ina jin ta tana cewa ƙafar Dada ce ta matsa, ta kusa dawowa. Ta iya dariya a waya.

Lahadi, 3 ga Agusta

Yau ma ba ta kula ni ba.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Malam Abdulhakeem ya aiko min da kwafi ɗaya ta tasha. Ya ce ko ba za a fitar ba, ya kamata in riƙe ɗana a hannu. Na buɗe a ɗaki na rufe ƙofa. Yana da nauyi. Yana ƙamshin sabuwar takarda. Babu kuskure ko a bango. A shafin farko an rubuta sadaukarwar da na tura tun watan Mayu, na ma manta da ita: ga Addata Mas'uda, wadda ta koya min so.

Ni 'yasu.

Na sa shi ƙarƙashin gado, wurin ya riga ya saba.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan azahar

Na gwada rubuta wani abu, kowane iri, don in ga ko hannuna yana nan. Babu. Dama can ba nawa ba ne. Na kwafi wani, na bi ihun wasu, na saci na Hamma Bappayo. In aka cire waɗannan sunana ne kawai ya rage da jan rubutu.

Ya Allah, kar ka kama ta da laifina. Ni ka kama.

Juma'a, 8 ga Agusta, da hantsi

Yayan Hamma Bappayo ya zo da safe. Bai zauna ba, ko ruwa bai sha ba. Ya gaida Dada daga tsaye, ya miƙa mata ambulan, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya fita.

Dada ba ta karatun boko. Ta riƙe ambulan ɗin da hannu biyu tana salati, ta miƙa wa Adda. Adda ta buɗe, ta kai takardar kusa da ido, ta nisantar, ta sake matsowa da ita. Sannan ta ɗago ta dube ni. Ni, ba Dada ba.

Ta ce, "Adawiyya, tabarauna yana Katagum. Na ɗauka kwana biyu zan yi. Zo ki karanta min."

Wata guda da kwana ɗaya ina roƙon Allah ta kira sunana.

Na karɓa. Layi biyu ne da sa hannu, da biro shuɗi, ya danna sosai har ya huda takardar a wuri ɗaya. Na karanta mata. Dada ta zauna a ƙasa.

Adda ta ce, "Ɗaya ya ce?"

Na ce, "Ɗaya."

Ta ce, "Rubutunsa ne, ko rubuta masa aka yi?"

Na ce nasa ne.

Ta karɓa ta shafa ta da tafin hannu, ta ninke ta huɗu a hankali, ta sa a cikin rigarta. Ta ce, "Shekara ashirin da ɗaya. Wannan ce wasiƙarsa ta farko gare ni."

Ta tashi ta je ta ɗora sanwar rana.